Maganin Gargajiya A Asibiti: Waiwaye Daga Aro Zuwa Yau

 Akwai wata magana da ba ta ƙarewa a zaurukanmu da bakin masallatanmu, watau shin me ya hana asibitin gwamnati ba da maganin gargajiya? Wasu su ce hassada ce ta likitoci, wasu su ce raini ne da aka gada daga Turawa, wasu kuma su ce ai gara da aka hana, domin abin da ba shi da awo ba ya shiga wurin awo. Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san abin da ke cikin kwandon abincin da muke kai wa mara lafiya: fulas biyu ne, ɗaya na kunu, ɗaya na rubutu ko jiƙo, kuma na biyun sai nas ta ba da baya ake fito da shi. Ke nan maganin gargajiya ya daɗe da shiga asibiti, sai dai ta taga yake shiga.

To amma an taɓa shigar da shi ta ƙofa, da rana tsaka, kuma a nan ƙasar Yarabawa, a Abeokuta, tafiyar da ba ta kai wuni ba daga inda muke zaune. Waiwaye adon tafiya. Bari mu bi tarihin, mu ga sharuɗɗan da aka buɗe ƙofar a kansu, domin su ne har yau ba su sake ba.

Abin Da Kakanninmu Suka Zo Da Shi

Sa'ad da fatake suka riƙa gangarowa Kurmi da shanu suna komawa da goro, ba su zo da likita ba, amma kuma ba su zo hannu rabbana ba. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, kafin shekara goma sha biyu ya kai Kano, aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a 1916. Duk inda zango ya kafu, bayan mai gida da liman da mahauci, sai ka ga wanzami da zabirarsa. Shi ne mai aski, shi ne mai ƙaho, shi ne mai kaciya da cire beli. Ga maɗori mai gyaran karaya da targaɗe da gocewar ƙashi, ga ungozoma mai yanke cibiya da kula da mai jego, ga 'yar mai ganye da tallan saiwa da sassaƙe, ga malam mai allo da tofi da laya. Kowa da fanninsa, kuma mafi yawansu gado suka yi.

Kada a ɗauka wannan ilmi na baka ne kawai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan magunguna, har da maganin basur. Malamanmu da suka sauka Sabo sun zo da irin waɗannan takardu cikin gafakarsu. Wani Bature masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan a 1962 zuwa 1963, ya kuma rubuta yadda mai ciniki da mai neman lafiya duk ba sa rabuwa da ƙofar malam. Maƙwabtanmu Yarabawa su ma suna da nasu, babalawo da onishegun da masu agbo, kuma an yi ta cuɗanya, su saya a wurinmu mu saya a wurinsu.

Zuwan Asibiti

Abin mamaki, maganin da ya buɗe wa Bature hanyar shiga ƙasar nan ɓawon itace ne. Kafin 1854 zazzaɓin cizon sauro ya sha ƙarar da Turawan da suka yi ƙoƙarin hawan Kwara. A wannan shekara Dokta Baikie ya hau Kwara da Binuwai cikin jirgin ruwa, ya sa mutanensa shan kwinin kullum, suka je suka dawo ba wanda ya mutu. Kwinin kuwa daga ɓawon wani itace na Kudancin Amurka ake samunsa. Bambancinsa da sassaƙen da muke jiƙawa shi ne an tace shi, an auna shi, an san nawa ke warkarwa nawa ke cutarwa. A riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Asibitin da ake lissafawa na farko a Nijeriya shi ne Sacred Heart na 'yan mishan ɗin Katolika a Abeokuta, wanda aka kafa a 1895. Daga nan gwamnatin Turawa ta yi ta gina nata, da fari domin ma'aikatanta da sojojinta. A wurinta duk wanda ba shi da takardar likita boka ne, kuma ba a bambanta maɗorin kirki da ɗan damfara. Mu kuma a namu ɓangaren tsoro ya yi yawa. Asibiti wurin mishan ne, wurin yanka ne, ba a zuwa sai rai ya yi halinsa. Da yake sai ciwo ya ci ƙarfin mutum ake kai shi, sai mutuwa ta yawaita a can, tsoron kuma ya daɗa ƙaruwa.

Duk da haka tun a wancan zamani an sami wanda ya tsaya tsakani. Dokta Oguntola Sapara na Ikko, wanda ya yi karatun likita a ƙasar Turawa ya rasu a 1935, ya ba da lokacinsa wajen nazarin itatuwan magani, yana kuma hulɗa da masu su. Shi ne kuma ya kutsa cikin 'yan tsafin Shopona, ya tona yadda wasunsu ke yaɗa cutar agana don su ci dukiyar mamaci, har gwamnati ta haramta abin. Mutum ɗaya ya yi aiki biyu: ya raya mai kyau, ya tona mummuna.

Abin Da Ya Faru A Aro

A zamanin Turawa mai taɓin hankali ba magani ake yi masa ba, tsare shi ake yi. Gidan mahaukata na Yaba, wanda aka buɗe a 1907, da na Lantoro a Abeokuta, sun fi kama da gidan yari. A 1954 wani matashin likita ɗan Abeokuta, Thomas Adeoye Lambo, ya dawo daga Ingila da ƙwarewa a kan ciwon ƙwaƙwalwa, aka ba shi riƙon sabon asibitin Aro da ake kan ginawa. Gini bai ƙare ba, ga marasa lafiya suna ta zuwa. Sai ya je ya zauna da dagatan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, ya roƙe su su karɓi baƙi.

Tsarin da ya fito da shi ga yadda yake. Mara lafiya zai zo da wani nasa, uwa ko 'yar'uwa ko inna, a kama musu ɗaki a ƙauye su biya haya. Da safe ya je asibiti a duba shi a ba shi magani, da yamma ya koma cikin mutane, ya ci tuwon da hannun da ya sani ya tuƙa, ya je kasuwa, ya je masallaci ko coci. Nas-nas suna nan a ƙauyen dare da rana. Su kuma mutanen ƙauye suka sami kuɗin haya da ruwan famfo da ɗakin shan magani. Mu da muka san tsarin mai gida da baƙo a Sabo, wannan ba zai zame mana sabon abu ba, fatoma ne aka yi wa mara lafiya.

Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne Lambo ya ɗauki masu maganin gargajiya aiki tare da shi. Hujjarsa kuwa ita ce mafi yawan waɗanda ake kawo masa sun riga sun biya ta wurinsu, kuma in sun fita can za su koma. Mutumin da ya yi imani sammu aka yi masa, in ka ba shi ƙwaya kaɗai jikinsa zai lafa, amma zuciyarsa ba za ta kwanta ba. Masu maganin suka riƙa zama da marasa lafiya da danginsu, suna jin tarihin ciwo, suna ba da baki, suna yi musu abin da suka saba na al'ada. Sai dai fa akwai iyaka. Likita shi ke da ta cewa a kan abin da za a sha, ba duka, ba mari, kuma komai a fili ake yinsa ana rubutawa. Turawan mulki ba su yi murna da wannan ba, amma da aka ga mutane suna warkewa da wuri suna komawa gidajensu, kuma da kuɗi kaɗan, sai baki ya mutu.

A Aro ɗin nan ne wani likita ɗan Kanada, Raymond Prince, ya bi diddigin saiwar da masu maganin Yarabawa ke ba mahaukaci ya yi ta barci, wadda suke kira asofeyeje. Ashe 'yar'uwar wani tsiro ce na ƙasar Indiya wanda a 1952 Turawa suka tace sinadarin risafin daga cikinsa, suka riƙa ba masu hawan jini da masu taɓin hankali. Watau abin da kamfani ya sa a kwalba, tsofaffin Egba sun daɗe suna haƙo shi a bayan gari.

Sunan Aro ya zaga duniya. A 1961 aka yi taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abeokuta. Lambo ya dawo nan Ibadan ya zama farfesa a 1963, ya shugabanci Jami'ar Ibadan daga 1968 zuwa 1971, daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya har zuwa 1988. Ya rasu a 2004. Amma tsarin ƙauyen bai yaɗu yadda aka so ba. Gari ya faɗaɗa ya haɗiye ƙauyukan, asibiti ya koma irin na gado da kati, kuma ba a yi wata doka da ta ba mai maganin gargajiya kujera a ciki ba. Abin ya rataya ne a wuyan mutum ɗaya, da ya matsa sai ya yi sanyi.

Takardu Sun Yi Yawa, Ƙofa Ba Ta Buɗe Ba

A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata ta tsohuwar Tarayyar Sobiyat, suka amince cewa lafiya matakin farko ba za ta kai ga kowa ba sai an haɗa da ungozomomi da masu maganin gargajiya, bayan an horar da su. Jihar Legas ta kafa hukumar maganin gargajiya a 1980, tana yi musu rajista tana horar da ungozomomi. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya dage a kan ƙananan asibitocin unguwa. A daidai wannan lokaci kuma tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, magani ya yi tsada, kowa ya san amsar nan ta "babu, je ka saya a waje". Mutane da yawa da suka fara sabawa da asibiti suka koma wa 'yar mai ganye, ba don sun fi yarda da ita ba, don dai ita ce aljihu zai iya.

Kada kuma a ce na kwalba ba ya kisa. A 1990 yara fiye da ɗari suka mutu a Ibadan da Jos saboda ruwan farasitamol da aka haɗa da guba. Wannan na cikin abin da ya sa aka kafa hukumar NAFDAC a 1993, wadda aka ɗora wa duba magunguna, na kamfani da na gargajiya da ake sawa a kwalba ko leda. A 1992 an ba majalisar likitoci ikon kula da masu wasu hanyoyin magani da aka shigo da su daga waje, irin su soka allurai na mutanen Sin. A 1997 aka kafa hukumar bunƙasa magungunan gargajiya a Ikko. A 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar ƙasa a kan maganin gargajiya, a 2008 aka buga kundin itatuwan magani na Nijeriya, a 2018 kuma aka buɗe sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Tun 2003 ake bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka kowace 31 ga Agusta. An kuma sha kai ƙudurin kafa majalisar masu maganin gargajiya gaban 'yan majalisa. Duk da wannan tulin takardu, a mafi yawan asibitocin gwamnati in ka yanki kati ba za ka ga ɗakin da aka rubuta maganin gargajiya a ƙofarsa ba.

Wanda Ya Yarda Aka Gwada Shi

Akwai magani guda da ya bi doguwar hanya ya kai, kuma labarinsa ya isa darasi. Wani limamin coci mai maganin gargajiya daga Oyo, Rabaran Paul Ogunyale, yana da haɗin da yake ba masu amosanin jini, wato sikila. Maimakon ya mutu da sirrinsa, sai ya kai wa cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, aka rubuta yarjejeniya cewa yana da kaso cikin abin da za a samu. Farfesa Charles Wambebe da abokan aikinsa suka yi ta gwaji cikin shekarun 1990, a ɗakin bincike da kuma jikin marasa lafiya, suka ga yana rage yawan tashin ciwon. Aka sa masa suna Niprisan. Kun san me ke ciki? Masoro, da kanumfari, da karan dafi, da wani jan itace da Yarabawa ke kira osun. Uku daga cikin huɗun nan suna kan teburin mai kayan yaji a kasuwarmu. An fara sayar da shi da sunan Nicosan a 2006, kamfanin ya durƙushe bayan shekara biyu, sai a 2018 aka sake ba wani kamfani lasisin yinsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma ko na ƙwaran sai da riƙo.

'Yan'uwanmu na zangon Kumasi suna ganin wani abu da mu ba mu gani ba tukuna. Ƙasar Gana ta kafa cibiyar binciken itatuwan magani a Mampong a 1975, bisa jagorancin Dokta Oku Ampofo. A 2001 jami'ar kimiyya ta Kumasi ta fara ba da digiri a kan maganin itatuwa, sa'an nan a farkon shekarun 2010 aka buɗe ɗakunan wannan magani a wasu asibitocin gwamnati. Mara lafiya zai yanki kati, a auna jininsa, in ya zaɓi na itace a tura shi wurin wanda ya karanta shi, a ba shi daga jerin da hukuma ta amince da shi. Sun fara da bincike, suka bi da makaranta, sa'an nan suka buɗe ɗaki.

Inda Gizo Ke Saƙar

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Likitocin da ke ɗari-ɗari da namu magani suna da abin da suka gani. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun gano cewa ciwon zuciyar da ke kama masu jego a can yana da alaƙa da yawan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gadon wuta. Yankan gishiri ya jefa mata cikin yoyon fitsari. Ɗaurin karaya da ya yi tsanani yakan hana jini gudu, hannun yaro ya ruɓe sai an yanke. Aska ɗaya a kan mutum goma hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau. Jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba, in ya haɗu da ƙwayar asibiti a ciki ɗaya, ƙoda ce ke biyan bashin. Ga kuma masu lasifika a tasha, garin magani ɗaya wai yana maganin cuta arba'in. A 2019 kuwa duk mun ga abin da 'yan sanda suka fito da shi daga gidajen mari a Kaduna da Katsina da nan Ibadan. Wanda duk ke son a buɗe wa maganin gargajiya ƙofar asibiti, wajibi ne ya fara yarda a bar waɗannan a waje.

Kuma an sake gwada hanyar Lambo a zamaninmu. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci wani bincike a Ibadan da Kumasi, wanda aka buga sakamakonsa a 2020. A wannan karon ma'aikatan lafiya ne suka riƙa zuwa gidajen masu maganin gargajiya da masu addu'a, suna duba masu taɓin hankalin da ke kwance a can, suna ba su magani, mai gidan kuma yana ci gaba da nasa. Bayan wata shida, waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi, ɗaure mutane da mari kuma ya ragu a gidajen da binciken ya shiga. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba mara lafiya haƙƙin a mutunta shi ko a hannun wa yake.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

In muka haɗa kwinin ɗin Baikie da saiwar Aro da haɗin Ogunyale da ɗakunan Gana, sharuɗɗan guda uku ne. A san abin da ke cikin magani da adadin da za a sha. A yarda wani ya gwada shi. Mai magani kuma ya san inda iyawarsa ta tsaya, ya tura mara lafiya gaba tun da sauran ƙarfi. Duk lokacin da aka cika waɗannan, ƙofa ta buɗe.

Mu a nan Sabo ba mu ke yin doka ba, amma akwai abin da ke hannunmu. Na farko, mu daina ɓoye fulas na biyu. In likita ya tambaya me aka sha, a gaya masa gaskiya, har da sunan itacen, musamman in za a yi tiyata ko mace tana da ciki. In Yarabanci ko Turanci ne ya gagara, a nemi ɗaya daga cikin 'ya'yanmu ya yi tafinta. Addu'a da tofi ba likitan da zai hana, abin da ke shiga ciki shi ne abin shawara. Na biyu, wanzamanmu da maɗoranmu da ungozomominmu su haɗa kansu ƙarƙashin Sarkin Aska da masu unguwa, a san su waye, su nemi rajista da horo a wurin hukuma, reza ɗaya mutum ɗaya, karaya kuma a ɗauki hoto kafin a ɗora. Na uku, tsofaffinmu masu sanin itatuwa suna ta tafiya da abin da ke kansu. Muna da 'ya'ya masu karatun haɗa magunguna da aikin jinya, su zauna da su su rubuta, da boko ko da ajami, da sunan mai shi a kai don kada haƙƙinsa ya salwanta.

Lambo bai jira an gama ginin asibiti ba, dagatai ya je ya samu. Mu ma muna da Sarkin Hausawa da limamai da wannan ƙungiya tamu, kuma babban asibitin koyarwa, wanda aka buɗe tun 1957, da ƙafa ma ana zuwa daga Sabo. Ba abin da zai hana shugabanninmu su nemi zama da hukumar lafiya ta ƙaramar hukuma a kan horar da ungozomomi da wanzamai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa mana wannan zango, Ya sa mu dace, amin.